Ta'aziyyar Farfesa Umaru Shehu, Likitan Masu Lafiya

Ranar Litinin 2 ga Oktoba, 2023, Allah ya yi wa Farfesa Umaru Shehu rasuwa yana da shekara 92, saura wata biyu da 'yan kwanaki ya cika 93. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalansa, 'ya'ya da jikoki da sauran dangi, da Mai Martaba Shehun Borno da jama'ar Yerwa, da likitocin da suka yi karatu a gabansa, waɗanda yau da yawansu su ma furfura ta rufe musu kai. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Iyalan Baba, ya ƙarin haƙuri?

Na san tun da aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki kuke jin magana ɗaya daga bakuna da yawa: ai Baba ya kwana biyu a duniya, ya ga jikoki, sai dai godiya. Gaskiya suka faɗa, kuma da kyakkyawar niyya suka faɗe ta. Sai dai tsawon rai ba ya rage zafin rabuwa, wani lokaci ma ƙara shi yake yi. Wanda ya girma, ya yi aure, ya haifi nasa 'ya'yan, amma har yanzu yana da uban da zai je ya durƙusa ya gaida, ya saba da wata ni'ima da ba kowa ke samu ba. Ranar da ya rasa ta, shekarunsa ba za su hana shi jin maraici ba. Saboda haka idan hawaye ya zo muku, ku bar shi ya zuba. Addini bai hana ido zubar da hawaye ba, abin da ya hana shi ne baki ya furta abin da zai saɓa wa hukuncin Ubangiji.

Ku kuka san shi a cikin gida. Mu kuwa a waje muka ci moriyarsa, mafi yawanmu ba tare da mun sani ba. Abin da na zo da shi wurin gaisuwar nan ke nan, wato in ɗan lissafa muku bashin da yake bin mu, ko zai zama sanyi a zukatanku.

An haife shi a Yerwa ranar 8 ga Disamba, 1930. Ya yi elementare da midil a Maiduguri, sannan a 1944 ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda ta taso daga Katsina, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, yana cikin rukunin farko. Yaran yanzu da ke sauka a Ibadan ko Legas cikin awa biyu ba za su gane nisan wannan tafiya ba. Layin dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964. A wancan lokaci sai mutum ya sha ƙura a bayan babbar mota har Jos ko Nguru ko Kano kafin ya ga jirgin ƙasa, sannan ya kama hanyar Kudu. Saurayi ne ɗan shekara goma sha bakwai, zai je inda ba a jin Barbarci, abinci daban, ruwan sama daban. A lokacin kuma ba a gama asibitin koyarwa na Ibadan ba, don haka ɗaliban likitanci sukan fara a gida su ƙarasa a Ingila. Shi Liverpool ya tafi a 1953, ya zama likita a 1956, ya yi aikin horo a can, ya dawo gida a 1957.

Arewar da ya dawo ya tarar, ƙidayar 1952 ta ba ta mutum kusan miliyan 17, amma 'ya'yanta da suka zama cikakkun likitoci da yatsun hannu ake ƙirga su. Akwai Dokta Barau Dikko na Wusasa, wanda ya buɗe hanya bayan karatunsa a Birmingham, akwai Dokta Ishaya Audu, sai 'yan kaɗan. A irin wannan zamani likita ɗan ƙasa sarki ne. Da ya so, da ya zaɓi fannin da ake ganin hannun mutum ƙiri-ƙiri, a kawo mara lafiya rai a hannun Allah, ya yi masa aiki ya tashi, dangi su zo godiya da rago. Shi sai ya karkata ga fannin kiwon lafiyar al'umma. Ya koma Liverpool a 1966 ya ƙaro ilimi a kansa, kuma a kansa ya ƙare rayuwarsa.

Wannan zaɓi shi ne abin da na fi so mu tsaya a kai. Likitan al'umma ba ya jiran ciwo ya kawo masa mutum. Shi ke bin sawun ciwon tun daga inda yake fitowa. Yana tambayar rijiyar da unguwa ke sha da nisanta da masai, da dalilin da ya sa sanƙarau ke tashi idan zafi ya tsananta kafin faɗuwar damina, da yawan jariran da suka samu allura a gunduma kaza da waɗanda aka tsallake. Abokan aikinsa su ne duba-gari da unguwarzoma da malamin asibitin sha-ka-tafi da mai unguwa. Aikinsa irin na mai yaɓen soro ne kafin damina: idan ya yi da kyau, ruwa zai yi ta zuba kowa na barcinsa, ba wanda zai tashi da safe ya ce a kira mai yaɓe a gode masa, don ba a ga yoyo ba. Duk muna cewa rigakafi ya fi magani, amma a aikace mai magani muke girmamawa, shi muke kai wa tukuici. Mai rigakafi ba shi da majinyacin da zai nuna ya ce wannan ni na warkar da shi. Mutanensa su ne waɗanda ba su kwanta ba sam, kuma su kansu ba su san an yi musu komai ba.

A duba agana. Dattawanmu sun san ta, sun san yadda take shiga gari ta kwashi yara, wanda ya tsira ta bar masa zane a fuska ko ta tafi da idonsa. A 1967 aka fara gangamin kawar da ita tare da yaƙi da ƙyanda a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ma'aikata suka bi gari-gari da bindigar allura, sarakuna suka umarci hakimai da dagatai a fito da jama'a, aka yi layi a ƙofar fada da bakin kasuwa. A daidai wannan lokaci, 1967 zuwa 1968, Dokta Umaru Shehu ne babban jami'in lafiya mai kula da sashen rigakafi a gwamnatin Arewa. Aikin na dubban hannaye ne, amma yana cikin waɗanda nauyin ya hau kansu. Zuwa 1970 an ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma aka shelanta cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Duk wanda ya haura hamsin da 'yan kai ya duba dantsensa, mai yiwuwa zai ga tabon lamba. Jikokinsa ba su da wannan tabo, ba sa bukatarsa, ko sunan cutar ma wasunsu ba su taɓa ji ba.

Da aka yanka Arewa jihohi shida, aka ba shi kujerar babban sakataren ma'aikatar lafiya a Jihar Arewa maso Gabas, wato a garinsu, cikin danginsa. Bai karɓa ba. A 1968 ya tafi Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka buɗe tsangayar likitanci shekara ɗaya kafin nan, ya zama shugaban farko na sashen kiwon lafiyar al'umma, ya zama farfesa a 1970, ya kuma shugabanci Cibiyar Lafiya ta jami'ar wadda asibitocin koyarwa ke ƙarƙashinta a lokacin. A ganina ya yi lissafi mai kyau. Babban sakatare jiha ɗaya zai riƙe na 'yan shekaru, malami kuwa duk shekara yana yaye waɗanda za su watsu a kowace jiha. A shekarun nan ne Malumfashi ta zama fagen aiki da bincike, inda jami'ar da masana daga Liverpool suka yi nazarin cututtukan da suka addabi manoma, ɗalibai kuma suka fita daga ɗakin karatu suka ga yadda ciwo yake a ƙauye, inda ba lantarki ba famfo. Mu Hausawa tun kaka da kakanni gabas muke tura 'ya'yanmu neman karatun Alƙur'ani, har yau idan aka ce wane ya tafi gabas an san abin da ake nufi. Sai ga shi Borno ta sake aiko mana da malami har Zazzau, wannan karon da wani ilimin. Shi ya sa rashin nan ba na Barebari kaɗai ba ne, kuma shi ya sa nake wannan gaisuwa da Hausa ba tare da jin ni baƙo ne a wurin makokin ba.

A 1978 gwamnatin soja ta yi musayar shugabannin jami'o'i tsakanin sassan ƙasa. Aka kai Farfesa Akinkugbe Zariya, aka kawo Farfesa Ezeilo Kano, shi kuma aka tura shi Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Shekara takwas kacal da gama yaƙin basasa, raunuka ba su gama warkewa ba, ga ɗan Arewa Musulmi a kan kujerar jami'ar da Inyamurai ke ji da ita kamar ransu. Ya je, ya yi aikinsa har 1980. Daga nan ya shiga Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara da kula da shirye-shiryenta a Nijeriya, a shekarun da aka ɗauko maganar kiwon lafiya matakin farko bayan taron Alma-Ata na 1978, daga baya ya wakilce ta a Habasha. A farkon shekarun 1990 ya koma gida, ya riƙe kwalejin likitanci ta Jami'ar Maiduguri, ya kuma riƙe jami'ar kanta daga 1993 zuwa 1994. Sauran muƙaman da ya riƙe suna da yawa, har da shugabancin Cibiyar Masana Kimiyya ta Nijeriya, ga lambobin girma na ƙasa, ga asibitin da ke ɗauke da sunansa a Maiduguri. Jaridu sun jera su, ba sai na maimaita ba.

Inda na fi ganin girmansa shi ne a rikicin ɗigon shan-inna. A 2003 magana ta bazu cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa, har wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, Kano ta fi kowa daɗewa. Ba na cikin masu cewa jahilci ne kawai ya jawo haka. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer kuma ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji da ya haɗa da yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Ga kuma tambayar da talaka ke yi wadda ba a ba shi gamsasshiyar amsa ba: me ya sa idan ɗana na zazzaɓi sai na sayi magani da kuɗina, amma wannan ɗigon ake bi na da shi har ɗaki kyauta? Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A irin wannan hali ba takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ake bukata ba, mutum ake bukata wanda jama'a suka san asalinsa da addininsa, suka kuma san ba ya sayar da bakinsa. Farfesa Umaru Shehu, yana da shekara saba'in da 'yan kai, lokacin da ya cancanci ya zauna ya huta, yana cikin masanan da aka ɗora wa alhakin gwada maganin, kuma ya fito ya shaida cewa ba a sami abin da ake zargi ba. Wanda ya san yadda gari ya ɗau zafi a lokacin ya san wannan ba ƙaramar kasada ba ce ga dattijo mai mutunci a cikin mutanensa. Shiru ya fi sauƙi, kuma ba wanda zai zarge shi da ya yi shirun. Kano ta dawo da rigakafin a watan Yulin 2004, amma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, har Sudan da Yaman da Indonesiya, kuma a 2006 yaran da ta shanye wa ƙafa ko hannu a Nijeriya sun haura 1,000. Kowane ɗaya a cikinsu ɗan wani ne, da yawansu suna nan a cikinmu yau, wani a kan keken guragu, wani yana jan jiki a bakin titi.

Aka ci gaba da fama. Sarakuna suka shigo da ƙarfinsu, malamai suka yi wa'azi, mata masu ɗigo suka bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, har aka harbe tara daga cikin ma'aikatan a Kano a watan Fabrairun 2013, Allah ya jiƙansu. Ragowar cutar ta ƙarshe kuwa a jiharsa ta ɓuya, a yankunan da tashin hankali ya hana ma'aikata shiga. A 2016 aka same ta a Gwoza da Jere da Monguno, daga nan ba a sake ganinta ba. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka shelanta cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Allah ya ja kwanan Baba har ya ga wannan rana yana da shekara 89. Ba kowane mai shuka ake bari ya ga girbi ba, shi an bar shi ya gani sau biyu, na agana da na shan-inna. Ina roƙon ku riƙe wannan a cikin abubuwan da za ku yi wa Allah godiya a kansu.

Haka ya yi da ƙanjamau, cutar da a farkon zuwanta mutane ke ƙyamar ko ambaton sunanta, masu ita kuma ke ɓuya har su mutu. Ya shugabanci hukumar gudanarwar NACA, mai yaƙi da cutar a ƙasa, ya kuma shugabanci ta cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta IHVN da aka kafa a 2004. Idan dattijo irinsa ya zauna a gaban irin wannan aiki, kunya takan ragu, mai ciwo ya sami ƙarfin zuwa karɓar magani.

Yanzu bari in juyo gare ku, iyalansa, domin akwai godiyar da ba a cika yi ba. Duk wanda ya tashi a gidan likita ya san uban gidan ba nasu ne su kaɗai ba. Ana tsakiyar cin abinci a yi sallama, ana shirin barci a buga waya, ranar Salla ma ba a tsira ba. Dangi da maƙwabta da abokan maƙwabta kowa na da ɗan ciwon da zai nuna, ko takardar asibitin da yake so a duba masa, ko yaron da yake so a sa wa hannu ya sami makaranta. Ga aiki da ya ɗauke shi daga Kaduna zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Nsukka, har zuwa wajen ƙasa. Mutum ba ya yin shekara sittin da wani abu yana irin wannan hidima sai da gida mai kwanciyar hankali a bayansa, da masu haƙurin jiran dawowarsa. Lokacin da ya ba mu, daga rabonku aka ɗiba. Mun gode, kuma muna fatan Allah ya sa ku cikin ladan. Ya zaga duniya, ya zauna da shugabanni, amma Yerwa ya dawo, cikin 'yan'uwansa, ya zama ɗaya daga dattawan da Borno ke jin maganarsu a shekarun da ta shiga mawuyacin hali. Mutumin da bai ɗauki gida da zumunci da muhimmanci ba, ba ya yin haka.

Kwanakin da suka fi wuya suna gaba. Yanzu gida cike yake, manyan baƙi na shiga suna fita, hidima ba ta bar ku kun zauna da zuciyarku ba. Bayan an yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, aka naɗe tabarmi, ranar nan za ku ji rashin sosai. Wani abu zai taso, ɗayanku ya ce bari a tambayi Baba, sai ya tuna. Idan wannan lokaci ya zo, ku nemi juna. Babban ya ja ƙanana a jiki, ƙanana su ba babba girmansa, domin uba shi ne igiyar da ke ɗaure dangi, kuma sau da yawa bayan tafiyarsa ne 'yan'uwa ke fara nisa da juna ba tare da faɗa ba, sai don kowa ya kama harkar gabansa. Ku ci gaba da gaida abokansa da suka rage, ko da ba su da yawa yanzu, da mutanen da ya saba taimaka wa. Takardunsa da laccocinsa da wasiƙunsa kuma kada a bari gara ta ci, a tattara a ba jami'a ta adana, don tarihin kiwon lafiyar Arewa na cikinsu. Malamai sun karantar da mu cewa aikin mamaci na yankewa sai ta hanyar sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Biyun farko ya tanade su da hannunsa tun yana raye. Na ukun yana wuyanku, a kowace salla.

Ku kuma ɗalibansa, likitoci da farfesoshi, gaisuwarku ta fi ta kowa nauyi. A shekarar da ya rasu, 2023, mashaƙo ya yi ta kashe yara a Kano da Yobe da Katsina da Borno, cutar da allurarta ke cikin rigakafin jarirai tun shekaru da dama, kuma mafi yawan waɗanda ta kama ba a yi musu allurar ba. Ɗigon shan-inna ma ba a daina ba, don akwai wani nau'in ƙwayar da ke ɓulla inda aka yi sakaci. Matasan likitoci na ta haɗa takardu suna ficewa waje, ban kuma ga laifinsu duka ba idan aka dubi halin da suke aiki a ciki. Amma malaminku ya je Ingila lokacin da zama a can ya fi komai sauƙi ga mai irin takardarsa, ya dawo inda ake bukatarsa. Cikinku akwai masu riƙe da ma'aikatu da asibitoci da kwalejoji a yau. Abin da zai fi kowace lacca ta tunawa da shi amfani shi ne asibitin ƙauye ya sami firjin ajiye allura mai aiki, ma'aikaciyar da ke can ta sami albashinta a kan kari, ɗalibin likita kuma a kai shi ƙauye ya zauna ya ga mutanen da zai yi wa aiki.

Allah ya jiƙan Farfesa Umaru Shehu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah ya saka masa da alheri gwargwadon yaran da suka tashi da ƙafafunsu da idanunsu ta sanadin aikin da ya sa hannu a ciki. Ku iyalansa, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya haɗa kanku, ya albarkaci bayansa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.